Ranar da na ga ƙasusuwan fuskar Inna

Inna ta yi shekaru tana sayar da shinkafa da wake a bakin bodar Jibiya, inda manyan motoci ke jiran a duba musu takardu. Wani kumburi ya fito mata a muƙamuƙin hagu, ɗan ƙarami kamar gyaɗa. Da yake ba ya ciwo, ba ta kula shi ba. Sai da haƙoranta biyu suka soma girgiɗi, ta koma tauna da gefe ɗaya, sannan ta yarda a duba.

Kawu, ƙanenta da ke zaune a Maraɗi, ya aiko ta je a yi mata radiyo. Na yi ta mamakin abin da rediyo zai yi wa kumburi, ashe haka mutanen can ke kiran hoton ƙashi. Ta dawo da shi cikin babban ambulan mai rubutun Faransanci. Muka ɗaga shi a rana a tsakar gida, ba abin da muka gane sai jerin haƙora.

Na ɗauki izini a makarantar da nake koyarwa a Daddara, na raka ta asibiti a Katsina. Likitan, wani dogo mai magana a hankali, ya daɗe yana duban hoton.

"Mama, wannan ya nuna akwai ƙari a cikin ƙashi," in ji shi. "Amma gefe ɗaya kawai yake nunawa. Ba zan sa wuƙa ba sai na san zurfinsa da inda ya tsaya."

Ya tura mu sikanin, hoton da ke nuna ƙashi ta kowane gefe. Aka ce ta cire 'yan kunne da sarƙa, ta damƙa mini su da ɗuminsu. Ta tagar gilashi na ga gadon da aka kwantar da ita yana shigar da kanta cikin wani farin zobe. An ce kada ta motsa, ko yawu kada ta haɗiya. Inna da ba ta iya zama wuri ɗaya, ranar ko yatsa ba ta ɗaga ba.

Da muka koma, likitan ya juyo mana da kwamfutarsa. Ga ƙoƙon kai fari tas, yana juya shi hagu da dama. Ban taɓa zaton zan ga ƙasusuwan mahaifiyata tana zaune kusa da ni tana numfashi ba.

Inna ta matso da kujera. "Likita, wanga ni ce?"

"Ke ce, Mama."

"Ikon Allah. To mi za a yi?"

Ya nuna mana inda ƙashin ya kumbura kamar kumfar sabulu, ya ja layi biyu inda zai yanke. Ya nuna hanyar jijiyar da ke kai ji ga leɓe, ya ce wataƙila ba za ta tsira ba. Gefen dama mai lafiya zai zama ma'auni, da shi za a lanƙwasa ƙarfen da za a sa, a cike gurbin da ƙashi daga ƙugunta. Tambaya ɗaya Inna ta yi, ko za ta iya sujada da ƙarfe a fuska. Ya ce ƙwarai.

Aikin ya yi kyau, an ce ƙarin ba mai yaɗuwa ba ne. Ta yi makonni a kan kunu da romo. Bayan wasu watanni aka sake ɗaukar hoto, muka ga ƙarfen kwance da ƙananan kusoshi, sabon ƙashin ya kama. Likitan ya gwada gefen biyu, ya ce bambancin kaɗan ne.

Har yau leɓenta na ƙasa bai dawo da ji sosai ba. In tana shan koko takan shafa haɓa da bakin mayafi, ko ya zuba ba ta sani ba. In na ce mata ba komai a wurin, sai ta ce to, ta ci gaba da sha.