Yaya Idi da Baƙin Rezo

Duk wanda ya taɓa kawo aikin katin gayyata shagonmu a Agiye ya san wana, Yaya Idi, ba ya kunna ordinatar, wato kwamfuta, sai ya zare igiyar rezo, mai kawo intanet, ya cusa a aljihu. In na ce masa mutane na jira, sai ya ce, "Bari in kulle ma baƙi ƙohwa tukuna."

Baƙin nan salon rubutu ne, wanda a shago muke kira hannu. Yaya yana da nasa tsofaffi da ya zuba a injin tun buɗe shago. Daga baya muka yi abonma, wato rajistar biyan kuɗi, mai sauko da sababbi ta rezo, kuma da yawa sunansu ɗaya da nasa amma faɗinsu ya bambanta. In rezo ya zo, na sama ya ture na gida. In ya ɗauke, na gida ya dawo. Na gaji da cewa a share nasa mu huta, wallahi har bakina ya yi tsami.

Katin wani aure na Gangara ne ya koya masa zare igiya. Ya jera sunayen dattawan dangi da safe babu rezo, lokacin bugawa rezo ya dawo, haruffa suka yi ƙiba, layin ƙarshe ya faɗo daga kati. A layin nan kuwa kawun ango yake! Washegari sai ga tsoho a bayan babur, hula a karkace.

"Idi, mi na yi maka? Ni na riƙe yaron nan tun yaye, ka hidda ni daga dangi?"

Yaya ko gezau. "Baba, wa ya isa? Sunanka ya hi ƙarhin inji, da hannu za a rubuta shi."

Ya ɗauki biro ya bi katunan ɗaya bayan ɗaya, sunan kawu har ya fi na ango girma. Tsoho ya tafi yana sa albarka, mu kuwa muka shiga uku. Duk auren da ya biyo baya daga Gangara sai an sami kawun da zai ce shi ma da biro. Wa ke rubutawa? Ni!

Na ce, "Yaya, don Allah mu share tsohhin hannayen nan daga inji."

Ya ce, "In kori 'yan gida saboda ɗan haya mai zuwa in ya ga dama? Kai ma na lura ka yi ƙiba, in share ka?"

Da ya ga na matsa, sai ya kawo tasa dabarar. Tunda suna ne ke haɗa faɗa, ya ce zai sake wa nasa suna da sunayen mutanen da muka sani. Mai kaurin ya zama Hajiya Gazawa, mai tsayin nan Direktan Lakol, wato shugaban makaranta, mai karkata Malam Ilu Tela. Kai, Yaya! Bai ko kai rabi ba ciwo ya kwantar da shi, sauran suka ci gaba da dambe da na sama.

Bayan Allah ya karɓi ransa an share makoki, na zauna in gama da rigimar nan gaba ɗaya, tunda babu mai hana ni. Inji ya tambaya ko in share Hajiya Gazawa, na yi dariya na ce tafi. Ya kawo Malam Ilu, wanda muka binne mai sunan bara, na tsallake shi. Sai ya kawo wani ɗan siriri mai laushi, wanda Yaya ke rubuta bismillah da shi a saman kowane kati. Ya sa masa suna Inna.

Na dawo da Hajiya, na kashe injin. Har yau suna nan suna ba ni wahala, kuma na daina ƙorafi.

Allah ya jiƙan Yaya Idi, ya yalwata masa kabari, ya sada shi da Innarmu a gidan da ba a ture kowa.