Mai Guga da Matar Tela

Mai Guga ake ce mata a gidan hayar, ko da yake ba da guga ta soma ba. Tun tana ƙarama uwarta ta rasu, ta tashi a hannun gwaggonta, ta yi aikatau a gidajen mutane har hannunta ya yi kanta. Daga baya ta auri Direba, wani ƙato mai yawan raha da ke jan motar kaya ta kamfanin fulawa. Haihuwa ba ta zo musu ba. Ta sayi dutsen guga na gawayi, ta shimfiɗa tsohon bargo a kan teburi a ƙofar ɗakinsu, nan ta samu sana'a, nan ta samu suna.

Ɗakunan gidan a jere suke kewaye da tsakar gida, famfo ɗaya kowa ke ɗiba. Bango ne kawai tsakaninta da Tela da matarsa. Ita da Matar Tela benci ɗaya suke zama a coci, tare suke waƙa cikin ƙungiyar mata. Direba yakan tsokani matarsa, wai Allah mai haƙuri ne da har yake sauraron muryarta kowace Lahadi bai canja coci ba. Autar Tela kuwa, yarinya ce da ba ta isa shiga makaranta ba, a ƙarƙashin teburin guga take yini, tana kiran Mai Guga da Mama.

Wata safiya Direba ya makara. Ya kwana da motar a ƙofar gida, abin da kamfani ya hana. Ya fito yana ɓalla maɓallin riga, ya tayar da mota, ya yi baya bai duba ba. Auta tana tsugune a bayan taya. Mai Guga na fifita gawayi ta ji ihun mutane a waje. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

A kotu Direba bai yi musu ba. Ya ce shi ne, kuma bai duba ba. Alƙali ya ɗaure shi shekaru.

Daga nan gidan ya juya mata baya. Ba wanda ya zage ta. Sai dai in ta zo famfo hira ta mutu, mata su janye bokitansu su ba ta wuri kamar mai ɗauke da cuta. Masu kawo guga suka ɗauke ƙafa. Fasto ya zo da kansa, ya zauna a bakin gadonta, ya ba ta shawara a hankali cewa ta nemi ɗaki a wata unguwa, don ita da su duka su samu sauƙi. Ta gaya masa kurkukun da aka kai mijinta a garin yake, daga nan tana iya zuwa da ƙafa, kuma ba ta da kowa a ko'ina. Ya yi mata addu'a ya tafi.

Abin da ya fi cin ta shi ne bangon. Da rana tsaka, in gida ya yi tsit, tana jin kukan Matar Tela ta cikinsa, kuka marar ƙara, irin na wadda ta toshe baki da zane. Mai Guga takan durƙusa a nata gefen. Addu'arta a watannin farko faɗa ce kawai. Takan ce wa Ubangiji tun tana marainiya take bin sa, ba ta taɓa roƙon dukiya ba, ɗa ta roƙa ya hana, ga shi ɗiyar aro ma ya bari an take. In ta gaji ta yi shiru. Amsa ba ta zo ba, amma kullum sai ta ga ta iya miƙewa ta hura gawayi, ko babu kayan kowa sai nata. Wannan miƙewar ta riƙe a matsayin shaida cewa bai sake ta ba.

Ta yi ƙoƙarin kusantar maƙwabciyarta. Ta fara share musu ƙofa da sassafe. Ana nan wata rana Matar Tela ta fito ta same ta da tsintsiya a hannu.

“Ki bar min ƙofata,” in ji ta. “Duk safiyar da na gan ta a share, sai na tuna wa ya share ta.”

Mai Guga ta ɗauke tsintsiyarta, ba ta ƙara ba. A coci ta koma bencin baya, ta bar ƙungiyar waƙa. Ranar Jibin Ubangiji, da ake karɓar gurasa a coci, takan jira Matar Tela ta karɓa ta zauna kafin ita ta tashi.

Sauran maƙwabta a hankali suka dawo, ba tare da wani ya ce komai ba. Wata nas da ke ɗakin kusurwa ce ta fara ajiye fararen kayan aikinta a kan teburin. Wani mai aski da ke gidan ya biyo baya da wandunansa, yana cewa ya gwada guga da kansa, ya ƙona ɗaya, ɗayan kuma ya fito da kari uku. Ranar ce ta fara yin dariya tun bayan abin.

Direban da aka sako ba shi ne wanda aka ɗaure ba. Ya rame, ya dawo da tari mai jini, raha ta ƙare. Ba ya fita tsakar gida sai ya leƙa ya ga ba kowa. In ya ji ƙarar keken ɗinkin Tela sai ya juya fuska bango. Sau ɗaya ya je ƙofarsu ya durƙusa. Tela ya dube shi ya daɗe, sannan ya saki labule. Nas ta yi ta kawo magani, amma ciwon ya riga ya ci jiki. Mai Guga ta yi jinyarsa tana guga, kunnenta ɗaya na ɗaki. Ya sha tambayarta ko tana ganin Allah zai karɓe shi. Takan ce masa Yesu bai mutu don marasa laifi ba, shi ma ya sani.

Ya rasu cikin damina. Ruwa ya cinye layin, motar ɗaukar gawa ta tsaya can bakin titi, dole a ɗauki akwati a kafaɗa. Ranar aiki ce, mazan gidan sun fita. Mai aski ne kawai da Fasto da wani dattijon coci, kusurwa ɗaya ba mai riƙewa. Suna ta shawarar a aika neman mutum, Mai Guga na tsaye da takalmanta a hannu, sai keken ɗinki ya yi shiru. Tela ya fito, ya naɗe ƙafar wando, ya sa kafaɗa. Haka suka ratsa taɓo har titi. Bai shiga motar ba, bai je maƙabarta ba.

Bayan kwana biyu ta tare shi a famfo za ta yi godiya. Ya ɗaga mata hannu.

“Kada ki gode min, ’yar’uwa. Ban yafe ba tukuna. Ina roƙon Allah ya ba ni, bai ba ni ba. Gawa ce dai ba a bari a ƙasa.”

Ta ce ita ma za ta taya shi roƙo. Ya ɗauki bokitinsa.

Shekaru sun tafi. Bayanta ya ranƙwafa, hayaƙin gawayi ya rage mata gani, har sai ta shafa kwala da yatsa take sanin ta kwanta. Ita ake bari wa makulli in za a fita, ita ake kira in mace na naƙuda kafin nas ta iso. Duk wanda ya tambaye ta lafiya, amsarta ɗaya ce, Allah mai aminci ne. Wasu na ganin bakinta ne kawai ya saba. Kowace safiya tana gaida Matar Tela, kowace safiya Matar Tela na wucewa.

Bara ’ya’yan Tela da suka girma suka kama wa iyayensu gida a wata unguwa. Ranar tashi aka fito da keken ɗinki da gado da tukwane, aka loda a amalanke. Mai Guga ta shige ɗaki don kada ta tsaya musu a ido. Can ta ji an tsaya a ƙofarta. Matar Tela ce, ta yi furfura, da ƙunshin kaya a kai.

“Mun tashi,” ta ce.

“Ubangiji ya kai ku lafiya.”

Matar Tela ta ɗan tsaya kamar akwai sauran magana. Mijinta ya kira ta daga waje. Ta gyara ƙunshinta ta fita. Ba su sake haɗuwa ba, don cocin ma sun canja.