Ranar da Na Sha Ruwan Kanal a Ƙauyen Abokina

Mun tashi da asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce, ko in ce mu mun tashi, motar ce ba ta tashi ba. Doguwar motar kwalejinmu tsohuwa ce mai ra'ayin kanta, ba ta motsawa sai an lallashe ta. Sai da muka tura ta tun daga bakin ɗakin cin abinci har ƙofar fita, 'yan matan ƙungiya suna ciki suna ba mu umarni ta taga, sannan ta yi tari ta kama. Mu ne 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo na kwalejin horon malamai. Hedimastan wata firamare a wani ƙauye kusa da Bunkure, tsohon ɗalibin kwalejinmu, shi ya gayyace mu mu yi wa manoma wasa. Kayanmu ba yawa: kalangu ɗaya, tabarmi, zannuwan gado biyu da muka ɗinke suka zama labule, da gemun auduga a cikin kwali.

Kowa a motar yana murna, ban da abokin ɗakina, don ƙauyen da za mu nasu ne. A duk ƙungiyar babu wanda ya kai shi. In ya ɗaura gemun nan ya sunkuyar da kafaɗa, har shugaban kwaleji yakan manta ya gyara zama kamar dattijo ya shigo. To, wani ya kai wa mahaifinsa labari cewa ɗansa ba karatu yake ba a Kano, tashe yake yi shekara zagaye, yana kwaikwayon tsofaffi ana yi musu dariya. Makonni biyu kafin tafiyarmu saƙo ya zo ta bakin kawunsa: in dai wannan ne bokon, ranar da ya zo gida ya zo ke nan, alkama tana neman hannu. Shi kuwa saura shekara ɗaya ya gama.

Na ce masa ya je ya yi wa Baba bayani mana. Ya dube ni kamar na ce ya je ya yi wa Baba waƙa. Ɗan fari ne, kun kuwa san yadda abin yake. Tun da aka haife shi uban bai taɓa kiran sunansa ba, ba su taɓa zama tabarma ɗaya sun yi hira ba. In uban yana da magana da shi, sai ya faɗa wa wani. Saboda haka abokina ya roƙi malaminmu a cire shi daga wasan, shi dai zai riƙe labule. Aka rasa wanda za a liƙa wa gemu sai ni, ɗan Fagge, wanda bai taɓa shuka ko barkono a gwangwani ba.

Muka bi titin Zariya, muka wuce kwanar da ake shiga Dawakin Kudu, 'yan mata suna rera waƙoƙin wasan, mai kalangu yana ɓata musu kiɗa da gangan don su kula shi. Sun kula shi kuwa, ɗaya ta ƙwace masa makaɗi ta zauna a kai har Kura. Daga gadar Tamburawa ƙasa ta fara sauya kama. A birni rani ne sosai, amma nan ko'ina kore shar, alkama ta yi kai tana kaɗawa, ga albasa, ga tumatir kwando-kwando a bakin hanya, arha kamar mai shi yana neman wanda zai rage masa kaya. Na yi shekaru ina jin ana cewa ruwan Tiga, ban taɓa ganinsa yana tafiya da ƙafarsa a cikin gonaki ba sai ran nan.

A Kura muka tsaya karin kumallo. Ƙosai da zafinsa, koko mai tsami daidai, da wata gurasa da ta sha ƙuli da albasa har na yi niyyar komawa Kura da zama. Malaminmu ya sayi tumatir kwando guda don uwargida, bai yi tunanin inda zai ajiye shi ba, ƙarshe kwandon ya samu kujera ni na koma kan kwalin gemu. Abokina bai ci komai ba. Na miƙa masa gurasa, ya karɓa ya riƙe ta har muka sauka.

Da muka bar kwalta muka ɗauki hanyar ƙauyen, babban kanal yana gefenmu, ruwa cike da shi, mata suna wanki can nesa, manoma tsaye a gona wando naɗe zuwa gwiwa. Hedimasta ya tarbe mu da fura, ya kai mu gaisuwa wajen mai gari, sannan abokina ya ja ni gidansu. Kakarsa ce ta fara ganinmu. Ta ce, "Lale da maigidana. Ka tafi birni ka bar ni ba cefane, ka dawo mini a rame." Ta riƙe hannunsa ta ƙi saki. Mahaifiyarsa kuwa ni ta yi ta yi wa sannu, tana tambayata hanya da karatu, idonta yana kan tukunya, amma kwanon da ta tura gabansa ya fi nawa nama.

Da za mu fita muka tarar da mahaifin a zaure yana gyara sarƙar keke. Dogo ne, siriri, ƙafafunsa duk faso saboda tsayuwa a ruwa. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya amsa mini da fara'a, ya tambayi iyayena. Ɗansa kuma ya ce masa "lafiya" sau ɗaya, ya ci gaba da sarƙarsa. Da muka fito na ji tausayin abokina har ban san abin da zan ce masa ba, sai na tambaye shi ina ne bayan gida.

An shirya mana fili a bayan firamare, dab da wata 'yar magudana da ke kai ruwa lambun makarantar. Wasan namu labarin manoma biyu ne. Ɗaya gonarsa tana sama, yana tare ruwa ya sha shi kaɗai. Ɗayan tsoho ne, gonarsa tana can ƙarshen layi, alkamarsa tana bushewa yana kallo. A ƙarshe jama'a su sa baki, a sako ruwa, tsoho ya durƙusa ya ba gonarsa ruwa yana godiya ga Allah. A kwaleji in an zo wurin nan, sunkuyawa kawai ake yi a kan siminti. Da malaminmu ya ga ruwa na gaske yana gudu, sai dabara ta zo masa. Ya aro bututun ban ruwa guda huɗu wajen mai gadin makaranta, irin na roba lanƙwasassu da ake ɗorawa a kan gaɓar magudana su tsallako da ruwa cikin gona. Ya ce, "Ka iya dai ko?" Na ce, "Haba Malam, wannan ai ba komai ba ne." Abokina yana can yana ɗaura labule, bai ji mu ba.

Bayan la'asar fili ya cika. Maza a gaba kan tabarmi, mata can gefe a inuwar darbejiya. Na leƙa ta ɓular labule na hango mahaifin abokina a can baya, bai zauna ba, yana tsaye riƙe da kekensa kamar mai wucewa.

Wasa ya tafi lafiya. An yi dariya inda ya kamata, an yi tsaki ga mai tare ruwa, wani dattijo har ya ce da ƙarfi ya san mutumin. Gemuna da aka manna da ƙaro ya zauna daram, na ma fara jin cewa ashe abokina ba wani abu ya fi ni ba. Sai aka zo wurin ban ruwa. Kalangu ya yi shiru, fili ya yi tsit. Na ɗauki bututu na je bakin magudana na durƙusa. Ni dai a duniya hanya ɗaya na sani ta jawo ruwa da bututu, wadda na ga direbobi suna yi a tasha in za su zuƙo fetur daga tanki. Na tsoma baki ɗaya a ruwa, na kafa bakina a ɗayan, na zuƙa da iyakar ƙarfina.

Bututun nan ya kusa kai damtsena kauri. Da farko iska ce ta zo, sannan ruwa ya zo gaba ɗaya da laka da ciyawa da wani abu mai motsi da har yau ban so in san ko mene ne ba. Na shaƙe, na yi ta tari, rabin gemu ya ɓalle ya faɗa magudana ya kama hanyar lambu. Dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta ba. Mutane suna kwanciya a kan tabarmi. Wani ya ce, "Tsoho, gona za ka ba ruwa ko cikinka?" Ni kuma maganar da zan faɗa ta gudu, na tsaya a durƙushe ruwa yana zuba ta hancina. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ga shi mun tabbatar wa mai keke abin da aka faɗa masa: 'yan birni sun zo suna mayar da tsohon manomi abin dariya.

Sai na ji an dafa kafaɗata. Abokina ne ya saki labule ya fito, da rigarsa ta makaranta, ba gemu ba komai. A wasanmu tsohon ba shi da ɗa, amma ya durƙusa kusa da ni ya ce, yadda kowa zai ji, "Baba, kawo. Ka gaji ne. Kai ka koya mini, bari yau in yi maka."

Ya naɗe wando ya shiga ruwa. Ya nutsar da bututun duka har ya cika, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya fizgo shi ya tsallakar da gaɓa ya saki. Ruwa ya zubo. Ya yi na biyu, na uku, na huɗu, kafin in gama share hanci duk suna zuba a jere. Dariya ta mutu. Na ji wani a gaba yana cewa, "Wannan namu ne."

Bai fito daga ruwan ba. Ya juyo yana kallona, amma muryarsa ta wuce ni. Ya ce, "Baba, na san sanyin ruwan nan da safe. Na san shekara nawa kake shigarsa don in zauna a aji ƙafata a bushe. Ban manta ba, ko rana ɗaya ban manta ba. In na sa gemu a can, ba dariya nake so a yi maka ba. So nake su san akwai irinka." Ni da nake uban, ba a rubuta mini amsa ba, sai na ɗora hannu a kansa na ce Allah ya yi maka albarka, da rabin gemu yana lilo. Babu wanda ya yi dariya. Mai kalangu, Allah ya saka masa, ya gane ya saki kiɗan rufewa, 'yan mata suka ɗauki waƙa. Da na ɗaga kai na duba baya, mai keke ba ya nan.

Muka naɗe tabarmi jiki a sanyaye. Mutane suna ta zuwa yi mana sannu, ana ba mu albasa da tumatir, ni kuma kowa ya gan ni sai ya tambaya ko in ƙara ruwa. Abokina yana tsaye jikin mota, bai hau ba, bai kuma tafi gida ba. Direba ya ce mu yi sauri mu kai kwalta kafin magariba.

Har mun fara tura mota sai ga mahaifin ya dawo, da ƙullin garin alkama a bayan keke. Ya wuce ɗansa kamar bai gan shi ba, ya wuce malaminmu, ya tsaya a gabana. Ya duba audugar da ta rage a haɓata ya ce, "Tsoho, sannu da shan ruwa." Na ce, "Yawwa Baba," kunya kamar ƙasa ta tsage. Ya sauke ƙullin ya miƙa mini. Sannan ya ce, "Ɗan nan naka yana da hannu. Ka bar shi ya gama karatunsa, kar ka cire shi. Ruwan nan ka iya shiga shekara ɗaya kuma, ba zai kashe ka ba." Ya hau kekensa ya tafi, bai waiwaya ba.

A hanyar dawowa ba a yi waƙa sosai ba. Mun yi magariba a Kura, muka shigo Kano fitilu sun kama. Na koyi yadda ake ta da bututun ban ruwa, na kuma koyi cewa kar in ƙara ce wa Malam abu ba komai ba ne. Abin da ya fi zauna mini shi ne, na tafi ina ganin uban nan ba ya son ɗansa, na dawo na san ban san komai ba.

Abokina yana tsaye taku uku daga inda aka yi maganar, ya ji komai da kunnensa. Duk da haka, tun kafin mu kai kwalta ya matso ya ce, "Wai me ya ce maka?" Na maimaita masa. A gadar Tamburawa ya sake tambaya, na sake faɗa. Da muka shiga ɗaki ya zauna a bakin gado yana cire takalmi, laka ta bushe a ƙafarsa, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Faɗa mini kuma. Daga wajen da ya ce ɗan nan."