Matuƙin da Ya Sauke Kansa Daga Jirgi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai abokina Kyaftin Lawal makwancinsa a Roni. Tare muka yi sakandare a Kazaure. Ni na zama malamin makaranta, shi kuwa ya tafi koyon tuƙin jirgin sama, a zamanin da jirgi a wurinmu abin ɗaga kai ne a kalla kawai.

Ya daɗe yana jigilar fasinjoji. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, lasisin matuƙi ba ya aiki sai da takardar lafiya daga likita, kuma doka ta hana wanda ya ji sauyi a jikinsa tuƙa jirgi sai ya faɗa. Wata safiya yana ɗaura takalmi, idonsa ya yi duhu, jiri ya kwashe shi. Babu wanda ya gani, takardarsa ma da sauran watanni. Da ƙafarsa ya tafi wurin likita. Aka gano ciwon zuciya ne, daga ranar bai ƙara tuƙi ba.

Na same shi a gida raina a ɓace. Na ce, "Lawal, wa ya aike ka? Da ka sha maganinka ka yi shiru mana."

Ya ce, "Malam Idi, jirgi cike da mutane a bayana, wasu da jarirai a cinya. In duhun nan ya zo mini ina shirin sauka, wa zan ce ya jira?"

Gari ya ɗauki surutu, masu cewa korarsa aka yi, masu cewa sammu ne. Bai kula kowa ba. Ya koma makarantar da ta horar da shi yana koyarwa a aji: dokokin sama, karatun yanayi, yadda matuƙi ke magana da masu ba da izinin tashi da sauka. Ya taɓa faɗa mini cewa shekarar farko sai ya rufe taga in ƙananan jiragen ɗalibai suna tashi.

Sai babbar 'yarsa Rabi ta ce ita ma tuƙi za ta koya. Dangi suka yi ca a kansa, shi kuwa ya amince, da sharaɗin ba zai nema mata alfarma wurin kowa ba. Jarrabawar dokoki ta farko ta faɗi, ta dawo gida tana kuka, tana cewa ta haƙura. Hutun nan kaf a ƙofar gida suka yi shi. Yana kishingiɗe a tabarma, numfashinsa sama-sama, yana kwaikwayon mai ba da izinin sauka, ita tana amsawa. In ta yi kuskure sai ya ce, "Sake." Ta koma ta ci jarrabawar. Amma ranar da ta fara tashi ita kaɗai ba malami a gefenta, ya riga ya rasu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ɗalibai na shiga na'urar da ke kwaikwayon jirgi, su sha hadari da mutuwar inji ba su bar ƙasa ba, na san wannan zai burge shi. Ƙananan jirage marasa matuƙi da ake ɗaukar hoton biki da su har a Babura kuwa, tambayar farko da zai yi ita ce wa ya ba su izini.

Bara tafiya ta kama ni daga Kano zuwa Abuja. Muna ɗaura bel sai na ji muryar mace tana yi mana sallama, tana cewa ita ce kyaftin. Tun kafin ta faɗi suna na gane ta. Na juya na ce wa mutumin da ke kusa da ni, "'Yar Roni ce, 'yar abokina ce!" Da muka sauka na aika mata. Ta fito cikin kayan aiki, ta durƙusa a gaban fasinjoji ta ce, "Baba Malam, ina wuni?" Na sa mata albarka.

Lawal bai bar gidan bene ba, babu titi da sunansa. Amma ɗalibansa suna sama kullum, Rabi kuma yanzu tana horar da wasu, ciki har da wata yarinya daga Gwiwa da ta gama aji kwanan nan. Allah Ya haskaka kabarinka, Kyaftin. Mutanenka suna tashi lafiya, suna sauka lafiya.