Ranar da Na Shanye Binciken Ɗiyata

Duk faɗin Dakoro, daga kasuwar dabbobi har tashar mota, ba a taɓa yin ciki irin nawa ba. Haka nake faɗa a da, kuma da ƙarfi nake faɗa. Na ci naman raƙumin da ya girmi kakana, na sha ruwan tabkin da jaki ya shinshina ya juya, ko gyatsa ban yi ba. Abokan dillanci cewa suke in aka soya mani ƙusa da yaji sai na nemi ƙari. To, akwai rana guda da cikin nan ya tona mani asiri, kuma har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da ita ba.

'Yan shekarun baya, lokacin sanyi, ɗiyar ƙanwata ta sauka gidana. Ilimin abinci take karanta a jami'a, tana shirin rubuta littafinta na ƙarewa, wanda suke ce ma memuwar. Da na tambaye ta a kan mi za ta rubuta, sai ta ce ƙaro. Na yi dariya har na ƙware. Ƙaron da muke ɓamɓarowa a jikin icce muna tauna wajen kiwo, wanda malamai ke sa ma tawada, shi aka tura yarinya har jami'a ta koyo?

Ta bari na gama, sannan ta yi mani bayani. Wai a hanjin kowa akwai wasu 'yan halittu masu amfani da ido bai gani, suna taya jiki aikinsa. Shi kuwa ƙaro, tumbi bai iya narka shi, sai ya wuce har wurinsu ya zama abincinsu. Abin da take son ganowa shi ne ko za a iya sa shi cikin kunu ko nono ya ƙara masu ƙarfi.

Na ce, "Ashe garke gare ni a ciki ban sani ba?"

Ta ce, "Babban garke ma, Kawu. Amma fa bincike ake yi, ba a gama ba. Kuma ko za a sha, kaɗan-kaɗan ake farawa, kamar rabin cokali."

Zancen garke ya shiga kunnena ya zauna. Zancen rabin cokali kuwa ya shiga ta dama ya fita ta hagu.

Aikin nata ba na rana ɗaya ba ne. Kusan kwana arba'in kafin ranar da abin ya faru ta je wani daji kusa da Rumbu, wurin wata tsohuwa Bafillatana mai tsintar ƙaro. Suka zaɓi itatuwa uku, suka tsaga ɓawonsu, suka ɗaura ma kowane tsumma. Ƙaro bai fita ranar da aka tsaga icce. Sai an jira ya tsattsafo ya daskare. Da ya yi, ta kwaso, ta tsince, ta shanya, ta daka na kowane icce daban, ta zuba cikin leda uku masu rubutu. Saura kwana biyu ta hau mota ta kai su ɗakin gwaji.

Ranar kasuwa na dawo da azahar, yunwa kamar ta kada ni. Uwargida da ɗiyar sun shiga maƙwabta barkar haihuwa. Na iske furata a rufe da faifai, ga kuma leda uku a gefe. A gidanmu, duk abin da aka daka aka aje kusa da ƙwarya na ci ne. Rubutun kuwa na Faransanci ne, ni kuma da Faransanci iyakarmu gaisuwa da jandarma. Na buɗe na ga garin ƙaro. Sai na yi tunani irin na dillali: wanda ke son sansa ya yi ƙiba bai ba shi dusa da cokali. Na juye duka ukun, na dama. Furar ta yi kauri har ludayi ya tsaya da kansa. Na yi bisimilla na ga bayanta.

Da ɗiyar ta dawo, ta ɗaga ledojin ɗaya bayan ɗaya.

"Kawu, ina ƙarona?"

Na shafa ciki na ce, "Yana wurin garke."

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Zama kawai ta yi bisa turmi, hawaye na zuba. In sai an sake tsaga itatuwa, wani kwana arba'in ke nan, lokacin da malamanta suka ba ta zai wuce, ta maimaita shekara. Nan dariya ta ƙare mani. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, an ba ka amanar yarinya, ka shanye mata shekara guda da ludayi."

Kafin la'asar garken ya fara godiya. Cikina ya tashi kamar gangar buki, yana ƙugi har kaji suka bar tsakar gida. Amma da gari ya waye na ɗauko moto, wato babur ɗina, na ce ta hau mu je wurin tsohuwar, ko Allah zai sa a dace. Hanyar Rumbu yashi ce da rami, kuma duk ramin da muka faɗa sai an ji wata ƙara. Na ce bututun hayaƙi ne ya fashe. Ɗiyar ta ce, "To, Kawu." Muka isa rugar, na kashe moto, na durƙusa gaida tsohuwa. Bututun hayaƙi ya sake magana.

Tsohuwar ta dubi moton, ta dube ni. Ta ce, "Ɗana, in saniya ta kumbura haka, mu huda ta muke yi."

Da ta ji abin da ya faru, ta yi dariya har ta riƙe haƙarƙari, sannan ta ɗauki sandarta ta ce mu biyo ta. Ashe ita tun daga uwarta ta gaji wata ɗabi'a: ba ta kwashe ma icce ƙaronsa duka, sai ta bar dunƙule guda, rabon mai wucewa. Sai dai makiyaya na ratsa wurin kullum, ba ta san ko mai rabon ya riga mu ba. Icce na farko, ga dunƙulen nan yana ƙyalli kamar zuma. Na biyu ma haka. Na uku kuwa, wata ɗakwara, nata yana can sama tsakiyar ƙaya, sandar ba ta kai ba. Duk suka juyo suka dube ni. Na kutsa da cikina da komi. Ƙayar ɗakwara ƙugiya gare ta, ta karɓi hulata, ta karɓi rabin rigata, amma na fito da ƙaron a hannu. Ɗiyar ta auna shi da ido ta ce zai isa. Ta hau motarta a kan lokaci.

Tun daga ranar na koyi abu biyu. Abin amfani ma awo gare shi, kuma ba duk abin da aka aje kusa da ƙwarya ba ne rabon bakina. Yau in na ga leda mai rubutu, ko gishiri ne sai na tambaya.

Hali dai bai barin mai shi. Da ta ci jarrabawarta ta zo da littafin, na tara abokan dillanci a ƙofar gida, na ce masu ai ni ne mutum na farko da aka gwada binciken nan a kansa, dole an ambace ni a ciki. Na ce ta buɗe ta karanta masu.

Ta ce, "An ambace ka, Kawu. A shafin abubuwan da ke lalata ƙaro kafin a kai shi gwaji. Kai ne na uku, bayan gara da awaki."