Shuɗiyar Tukunyar Garin Tsohuwa

Kwana biyar da saukowa daga Arfa, a hajjin shekarar 1948, ina 'yar shekara tara, na ja 'yan mata huɗu daga makarantar allo zuwa bayan gidanmu a unguwar Misfala ta Makka don in nuna musu ƙasar Jamus. Rana ta take, duwatsun unguwa suna ƙona tafin ƙafa, ko'ina ka duba igiyoyi ne an shanya naman layyar Mina, ƙudaje suna biki. Ina gaba ina taƙama, allona a hammata. Ban san hannun kakana nake shirin cirewa daga sana'arsa ba.

Kaka Tanko mahaifin Inna ne, kuma shi ya riƙe mu tun rasuwar babana. Nama yake sayarwa. Kowa a unguwarmu ya iya yanka nama siri-siri ya shanya a rana, amma na Kaka daban ne. Yana da wata 'yar bukka ta kwano da ta ɗan fi shi tsawo, ya rataye naman a sama, ya hura garwashi kaɗan a ƙasa, ya lulluɓe da jiƙaƙƙiyar dusar katako da nake roƙo masa wajen kafintoci. Kwana uku hayaƙi na ratsa naman a hankali. Alhazan da za su koma gida ta Sudan sukan yi layi a ƙofarmu, don sun san guzurin Malam Tanko ba ya tsutsa a hanya. Shi kuwa komai wankansa ƙaurin nan ba ya barin rigarsa. Nakan toshe hanci in ce ba na son miji mai warin murhu, shi kuma ya ce, "Amarya, warin nan ne tuwonki."

Asalinsa mutumin Banyo ne ta ƙasar Adamawa. Yana saurayi, lokacin Jamus na riƙe da ƙasar, ya yi wa wani hafsansu kiwon dawaki. Da hafsan zai tafi hutu gida, sai ya tafi da shi cikin jirgin ruwa. Ba su jima ba yaƙi ya ɓarke. Hafsan ya tafi bai dawo ba, sojoji suka kwashe dawakin, aka bar baƙin yaro da tsohuwar uwar mamacin a wani ɗan ƙauyen manoma. Shekara takwas ya yi a can kafin ya samo hanyar Makka. Bai taɓa kiran sunan garin ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Mu dai garin tsohuwa muke ce masa.

Garin nan ne ya gina mini da duwatsu a wani ɗan fili tsakanin bukkar hayaƙi da jikin dutse. Hanya ɗaya ce tal ta ratsa shi, gidaje hagu da dama, rufinsu mai tsini don ƙanƙara ta riƙa zamewa. Ya ce mutane da shanu rufi ɗaya suke kwana, kuma tulin taki a ƙofar gida ake dubawa a san mai arziki. Na yi dariya har na ƙware. Dogon dutse shi ne majami'arsu, reshen ƙaya kuma tsohuwar bishiyar tsakiyar gari inda dattawan zamanin da suke yanke shari'a. A kan tudu akwai kangon gidan wani sarkin da, gidan da aka ƙona a wani tsohon yaƙi da ya kusa shafe garin, har ciyawa ta tsiro a kan hanya. Daga ƙasa kuma ya ja layi da yatsa, ya ce rafi ne, ya ɗora ɓawon kwakwa a matsayin gada, kusa da dutsen niƙan da ruwa ke juyawa ba jaki ba. A Makka ta wancan zamani ruwa a kafaɗar mutum yake hawowa unguwa, ba a wasa da shi. Saboda haka rafinmu ranar Juma'a kawai yake gudu, idan Kaka ya rage ɗan ruwa a butarsa ya tsiyaya daga kan tudu. Nakan tsuguna in bi shi da ido har ƙasa ta shanye kafin ya kai gada.

Ina tsince shinkafa ko ina daka yaji, shi yana ba ni shekarar garin daga farko har ƙarshe. Yadda ake yankan ingirici da bazara kowa na kallon sama, yadda mata ke durƙuso cikin laka suna tonon dankali su tara a rami ƙarƙashin ɗaki, yadda ake danna kabeji da gishiri a ganga, da baƙin burodi mai tsami da ake gasawa sau ɗaya a sati biyu. Ya ce ranar da sojoji suka sauko da ƙararrawar majami'a za su narke ta su yi makami, tsohuwa ta yi kuka kamar ranar da aka kawo mata labarin ɗanta. Ya ce azumi da ƙiyasi yake yinsa, shi kaɗai, babu wanda zai tambaya ko an ga wata.

Akwai wasu baƙaƙen tsakuwoyi shida a bayan gidan tsohuwa. Na daɗe ina tambaya kafin ya faɗa mini aladu ne. Da aka kwashe dawaki babu sauran namiji mai ƙarfi a gidan, shi ya riƙa ba su abinci yana share musu wuri, kuma da sanyi idan aka yanka, shi ke rataye naman a mafitar hayaƙi. Can ya koyi aikin dusar katako. Sai ya ɗauko wani fasasshen tangaran shuɗi ya ajiye a tsakiyar gidan. Ya ce tsohuwa da ta ga gara masa ya kwana da yunwa da ya taɓa miyarsu, sai ta ware masa shuɗiyar tukunya, dankali da ƙwai da madara kawai ke shigarta, ta rataye ta a ƙusa daban, duk wanda ya taɓa ta da cokalin gida ya sha masifa. "Shekara takwas, amarya, ko romo bai shiga bakina ba." Daga nan ya ce maganar baƙaƙen tsakuwoyi ta tsaya tsakaninmu, domin ba kowane kunne ne ke jira a kai ƙarshen labari ba.

Abin da ya kai ni ranar nan, Rakiya ce, 'yar maƙwabtanmu, ta ce kakanta ya ratsa hamada da ƙafa, nawa kuwa ban da warin hayaƙi bai san komai ba. Ni kuma tun ina ƙarama ba a fi ni baki. Na tsuguna na nuna musu rafi da gada da kangon sarki, suka zuba ido, kaina ya ƙara girma. Da Rakiya ta sa yatsa a kan baƙaƙen tsakuwoyin, ban ko yi jinkiri ba. Na ce aladu ne, Kakana ya kiwata su, a kansu ma ya koyi hayaƙin nan da duk Makka ke rububi. Suka watse da gudu suna "astagfirullah". Ban kai kan shuɗin tangaran ba.

Kafin azahar labari ya yi ƙafa. Kafin la'asar ya zama wai Malam Tanko da kitsen alade yake shafe namansa, a garin da ko hoton alade ba a taɓa gani ba. Wata mata ta jefo mana ƙunshin da ta saya ta kan katanga. Bayan sallar la'asar Malam Isiyaku, dattijon unguwa, ya zo da mutum uku suka zauna a zaurenmu, aka kira ni. Mutumin kirki ne, so yake a kashe maganar. Ya ce, "Malam Tanko, ka ce shirmen yara ne, mu tashi." Kaka ya dube ni, ya ce, "Allah gafarta Malam, yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Na kiwata, amma ban ci ba."

Malam Isiyaku ya juyo gare ni. "Ya binti, da yake ba ki labarin, ya ce miki ya ci ko bai ci ba?"

Na san amsar kamar yadda na san Fatiha. Tangaran ɗin na nan taku goma daga inda nake tsaye. Amma idanu takwas a kaina, Inna na bayan ƙyaure na san da tsumagiya take jirana, sai na ga kamar in na ƙara kalma ɗaya laifina ne zai ƙaru. Na sunkuyar da kai na ce, "Ban sani ba."

Ba a kore shi daga masallaci ba, ba a zage shi ido da ido ba. Layin ƙofarmu ne kawai ya ɗauke. Naman shekarar muka ci shi mu kaɗai har muka gaji, bukkar hayaƙi ta zama ɗakin kaji. Kaka, da furfurarsa, ya nemi sanda da garwa biyu ya shiga sahun masu hawo da ruwa. Na ga kafaɗarsa ta saɓule, ta warke, ta yi kanta. Ya hana Inna ta dake ni, kuma bai fasa ce mini amarya ba. Da ya zage ni ko sau ɗaya ne, da na sami sauƙi. Sai dai rafi bai sake gudu ranar Juma'a ba, ga shi kuwa ruwa ya zama sana'arsa. Ni ma ban sake leƙa filin ba, kunya ta hana ni, har kaji suka tone garin. Shekara huɗu ya yi yana hawa da sauka kafin ya rasu. Kullum ina cewa gobe zan je in gaya wa Malam Isiyaku maganar tukunya.

Yau an baje wannan gefen dutsen, dogayen gidajen alhazai sun hau kansa, ruwa kuwa sai dai a murɗa famfo. Nama mai hayaƙi a leda ake sayar da shi, ba mai tambayar a ina aka koyo. Wani jikana da ke karatu a Jamus yakan aiko mini hotunan ƙauyuka, rufi mai tsini da rafi da gada, yana kira na yadda jikokin Makka ke kiran kaka, yana cewa, "Sitti, faɗa mini sunan garin kawai, in je in gano miki." Zan iya zana masa garin a kan tabarma da ƙwayoyin carbi, gida bayan gida, har ƙusar da ake rataye tukunya, amma suna ban da shi. Duk mutanen da suka zauna a zauren nan sun riga ni gidan gaskiya, ba sauran wanda zan gaya wa. Duk da haka ina faɗa, ko da a makare: na sani, bai ci ba, shuɗiya ce tukunyar.