Haruffan Malamin Shinkafi a Faifan Rabon Gado

Shekarun farko da aka fara shari'a a Zamfara ina magatakarda a wata kotu a Zurmi. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne rabon gado. Mutane su taso daga Gurbin Bore da ƙauyukan kewaye, magada birjik, ga gona ga shanu, mu yini muna lissafi da biro.

Yayata ce ta ce za ta sauƙaƙe mana. Tana koyar da kwamfuta a Ƙaura Namoda, mace mai ƙarancin magana. Ta rubuta wata manhaja wadda in ka shigar da magada sai ta fitar da rabon kowa, da ayar da aka dogara da ita a ƙasa. Niyyarta ta sa a faifai a raba wa kotuna da makarantu kyauta.

Ba komai ta rubuta da kanta ba. Sashen lissafin ta samo shi ne a intanet da ta je Gusau, wasu masana na Turai suka sake shi don kowa ya amfana. Zanen haruffan Larabci kuma na wasu ne daban.

Wata Asabar na je gidanta da ɗokin karɓar faifai, na tarar ta ajiye aikin.

"Yaya, me ya faru? Ba ta aiki ne?"

"Tana aiki sarai. Lasisin ne, wato sharuɗɗan masu aikin, bai haɗu ba."

Ta yi mini bayani a hankali. Masu lissafin sun ce duk wanda ya cusa aikinsu cikin nasa ya raba, dole ya bar wa mai karɓa damar buɗe komai, ya gyara, ya ba wani, kuma kada a ƙara wani sharaɗi a kai. Masu haruffan kuwa sun yarda a yi amfani da su, amma sun hana a taɓa ko ɗigo. Ita kuma ta riga ta ɗinke su cikin manhaja ɗaya. In ta cika wa waɗannan, ta saɓa wa waɗancan.

Na ce, "To wa zai zo Zurmi daga Turai ya bincika?"

"Ba wanda zai zo," in ji ta. "Amma abin da za a raba haƙƙin marayu da shi, ba zan gina shi a kan haƙƙin wani ba."

Sai ta yanke shawarar samo haruffan da ba su da takunkumi. Akwai wani tsohon malami a Shinkafi da ya yi suna wajen rubutun Alƙur'ani da hannu. Na ɗauke ta a babur ɗina muka tafi, lokacin damina ce, gero ya rufe hanya gefe da gefe. Muka same shi a zaure yana feƙe alƙalami. Ya saurare ta har ta gama, ya ce zai rubuta mata kowane harafi a duk yadda yake zuwa, farko da tsakiya da ƙarshe, kuma ba ya son ko sisi.

"Sai dai sharaɗi guda, ɗiyata. Kada a rubuta ƙarya ko zagi da hannuna."

Ni na ji daɗin maganar. Yaya kuwa ta sunkuyar da kai.

"Baba, a gafarce ni. In da wanga sharaɗi, ba zan iya ɗauka ba."

Malamin ya ajiye wuƙar. "Ke kina son a yi ƙarya da shi?"

"Allah ya kiyaye. Amma mutanen da na ɗauki aikinsu sun hana a ƙara sharaɗi, ko mai kyau ne. Na karɓa a kan haka."

Ni dai na fara jin kunya. Can ya tambaye ta ko ta taɓa ganin mutanen. Ta ce a'a. Ko Musulmi ne? Ta ce ba ta sani ba. Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallonta.

"To, na janye sharaɗi. Ki rubuta roƙo ne nike yi. Wanda ya ji, Allah ya saka mashi. Wanda bai ji ba, shi da Mahaliccinsa."

Aikin ya ci damina da kaka. Yana rubutawa, tana ɗauka tana gyara kowane harafi a kwamfuta, ga koyarwa, ga yara, ga wuta da ba ta tsayawa. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. A cikin faifan ta sa asalin rubutun manhajar gaba ɗaya, da lasisin, da roƙon malam a shafin farko.

Da aka gama, muka koma Shinkafi da takardar farko da injin ya buga. Ya kai ta kusa da ido, ya bi ayar da yatsa har ƙarshe, yana murmushi. Sannan ya ce wutsiyar harafin mimun ta yi gajarta.

Yaya ta ce za ta gyara. Ta kuwa gyara kafin a kai faifan kotunmu.